Bututun Kicin Ya Sake Toshewa a Gidan Hayata: Wa Zai Biya, Kuma Ya Za A Yi Ya Daina?

Hajiya Mai Gida, Badariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da damuwa, kuma na san zauren nan ba ya rasa masu sani. Ina da gida nan Badariya, ɓangare huɗu, kowanne da kicin ɗinsa da sinki. Marigayi maigidana ne ya gina shi, da kuɗin hayarsa nake riƙon marayu. Daga watan Nuwamba zuwa yau sau uku ke nan bututun kicin yana toshewa. Ruwan wanke-wanke sai ya dawo ta sinkin ɓangaren ƙarshe, baƙi ƙirin, da warin da ba a iya tsayawa kusa. Sau biyu ni na biya mai gyara daga aljihuna. Jiya da aka sake kirana na ce su huɗun su haɗa kuɗi, kowa ya ce ba shi ba ne. Abin da ya ɗaure min kai, duk bazara da damina ba mu ji komai ba, sai da sanyi ya shigo. Don Allah ku ba ni shawara. Ba na son in zalunci kowa, ni ma kuma ba na son a zalunce ni.

Maman Biyu, Nasarawa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Alhaji, ya raya abin da ya bari. Ki je da safe ki tsaya ki ga yadda suke wanke tukwane, za ki ga amsarki da idonki. Ruwa ba ya tsami banza.

Ɗan Haya, Gesse:
Hajiya, da girmamawa, kada a yi saurin ɗora wa 'yan haya. Shekarata shida ina haya a Birnin Kebbi, gida uku na zauna. A biyu daga ciki bututun ne ba a sa shi daidai ba tun farko. An sayo siriri mai arha, an binne shi a kwance ba gangara, an zuba siminti an shafe. Ko ruwan zalla ka zuba sai ya tsaya yana kallonka. In an toshe kuma sai a ce matarka ce ƙazama.

Mai Gyaran Famfo, Tudun Wada:
Hajiya barka da yini. Shekara 19 ina wannan aiki, kuma tambayarki ta sanyi ita ce mabuɗin maganar. Aikin buɗe bututun kicin a garin nan, mafi yawansa daga Disamba zuwa Fabrairu muke yinsa. Dalili kuwa mai. Lokacin zafi, watan Afrilu da Mayu, ƙasa kanta da ɗumi take, manja da kitse suna shiga bututu a narke su wuce. Da hunturu ya kama, ki duba jarkar manjanki da asuba, ai kin ga yadda take yin barci. To haka yake yi a cikin bututu. Ya fito daga tukunya da ɗuminsa, ya yi tafiyar taku biyar ko shida a ƙarƙashin ƙasa, ya huce, ya manne a jikin bututun. Gobe wani ya hau kai. Sai ƙwayar shinkafa ta zo ta maƙale, sai ganyen shayi, sai zaren soson waya, sai yashi. In na yanka bututu irin wannan, hanyar da ta rage a tsakiya wani lokaci ɗan yatsa ma ba ya shiga.

Amma ɗan uwana na Gesse shi ma gaskiya ya faɗa. Ban ga gidan ba, ba zan yanke hukunci ba. Ki faɗa min abu uku: kicin huɗun bututu ɗaya suka haɗa? Inci nawa ne? Akwai camba a hanya, wato ɗan ramin nan mai murfi da ake buɗewa a duba bututu, ko kai tsaye ya tafi sokawe?

Hajiya Mai Gida, Badariya:
Ɗaya suka haɗa, ya bi ta bayan gida. Inci biyu mai gyaran da ya zo ya ce min. Camba ɗaya ce, can daf da sokawe.

Mai Gyaran Famfo, Tudun Wada:
To ga rabin matsalar nan. Inci biyu na kicin ɗaya ne. Kicin huɗu a kan layi ɗaya, ni inci huɗu nake sa wa, in an matsa ƙwarai inci uku. Kuma duk inda bututu ya yi kwana ko wani ya shigo cikinsa, ya kamata a samu camba ko murfin da za a buɗe a zura waya. Ba tare da wannan ba, duk toshewa sai an fasa siminti.

Ɗan Haya, Gesse:
Kun ji ko? Abin da nake faɗa ke nan.

Maman Biyu, Nasarawa:
Ƙanena, rabi ya ce, bai ce duka ba. Ko bututun ya kai faɗin kwalbati, in kana juye miyar jiya a ciki wata rana zai cika.

Inna, Argungu:
Ku bari in sa baki, ni da na girme ku. Mu da muka tashi ba mu san wani sinki ba, a tsakar gida muke wanke-wanke bakin rariya, kuma ban taɓa jin an kira wani ya zo ya buɗe ta da kuɗi ba. Ba wai don mun fi ku tsabta ba. Abin da ke faruwa, ba abin da ke isa rariya sai ruwa. Ƙanzon tuwo a kankare shi a shanya, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Ƙasarin gero na awaki ne da tumaki, ko ba ki da su maƙwabciya na aiko yaro da bokiti. Sauran shinkafa na kaji. Ɓawon kifi da kayan cikinsa, mu nan Argungu da kifi ke shiga tukunya kusan kullum, a tattara a binne ko a kai juji. Tukunyar miya kuwa sai an sa dusa an goge maiƙon, dusar ta tafi wurin dabba, sannan tukunya ta ga ruwa. Yanzu ɗiyanmu sun shiga gidajen zamani, ba akuya ba kaza, sun ga rami a cikin sinki sun ɗauka bakin juji ne. Wanga abu ba wanda ya zaunar da su ya koya musu.

Amarya, Gwadangaji:
Inna wallahi gaskiyarki. Watana takwas da aure, ban taɓa sanin ruwan da na tace shinkafa ko taliya yana da illa ba. Na ɗauka tunda ruwa ne shi ke nan. Kuma ina rege shinkafa 'yar gida a cikin sinki, tsakuwar da yashin duk nan suke tafiya.

Mai Gyaran Famfo, Tudun Wada:
Amarya, yashin regiya ki daina tun yau. Yashi ba ya narkewa, ba ya ruɓewa, ba maganin da ke cinsa. A kwalbar nan ta ƙasan sinki yake fara kwantawa, in ta cika ya wuce gaba. Ki rege a roba, ki tsiyaye ruwan sama, na ƙasan mai yashi ki fita da shi ki zuba gindin bishiya. Haka wankin alayyafo da yakuwa. Masu goge gindin tukunya da toka da yashi kuma, a yi shi a waje.

Ruwan tatar shinkafa shi kaɗai ba zai toshe bututu mai lafiya ba, in an bi shi da ruwa. Amma kullun koko, ragowar kunu, ruwan da aka jiƙa tukunyar tuwo, waɗannan kauri gare su. Ai da irinsu ake yin kokon da ake manna takarda. In suka tarar da maiƙo a hanya sai su zama abu ɗaya.

Matashi, Bayan Kara:
Ni ban ga abin dogon zance ba. Hajiya ki sa a sayo soda a kasuwa, irin ta masu yin sabulu, a zuba rabin leda a bi da tafasasshen ruwa. Minti goma ya buɗe. Mu haka muke yi.

Malamar Kimiyya, Jega:
Don girman Allah kada kowa ya bi wannan shawarar yadda aka faɗe ta. Ƙanena ka yi haƙuri, na san da kyakkyawar niyya ka kawo ta, amma darasin da nake koyarwa ke nan a aji. Soda in ta haɗu da ruwa zafi take fitarwa da kanta, mai tsanani. In ka ƙara mata tafasasshen ruwa tana iya yin tsalle ta dawo fuskarka, kuma ɗigo ɗaya a ido yana iya makantar da mutum. Na biyu, bututunmu na roba ne, an yi shi ne don ruwan da zafinsa bai wuce digiri 60 ba. Tafasasshen ruwa digiri 100 ne. Yau da gobe robar tana laushi, ta lanƙwashe, gam ɗin mahaɗa ya saki, ruwa ya fara zurarewa a ƙarƙashin gini ba wanda ya sani. Na uku, ka tambayi kanka me masu sabulu suke yi da soda. Mai suke zuba mata ya daskare ya zama sabulu. In bututu ya riga ya toshe gaba ɗaya, sodar ba ta da hanyar wucewa, sai ta zauna a kan kitsen, ka wayi gari da dunƙulen sabulu mai tauri a inda hannu ba ya kaiwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu haɗe-haɗe. Wani ya zuba ruwan batir, bai buɗe ba, ya bi da Hypo. Wannan haɗin iskar kulorin yake fitarwa, guba ce, a ɗan ƙaramin kicin mai taga ɗaya tana iya kwantar da mutum asibiti.

Mai Gyaran Famfo, Tudun Wada:
Malama Allah ya saka miki. Akwai tabo a hannuna na dama har yau. Wani gida aka kira ni, ba wanda ya faɗa min an zuba soda da daddare. Na kwance kwalbar ƙasan sinki, ruwan ya zubo min. Roƙona ga kowa, in kun riga kun zuba wani abu, ku faɗa wa mai gyara kafin ya taɓa. Ba abin kunya ba ne.

Matashi, Bayan Kara:
To na ji, na kuma janye. Amma mu ta yi mana aiki sau biyu. In ba soda ba sai me?

Malamar Kimiyya, Jega:
Ta yi aiki ne saboda naku bai gama toshewa ba. Don kiyayewa, sau ɗaya a mako, ruwa mai zafin da hannu zai iya ɗan jurewa, bokiti guda, a kaɗa omo a ciki, a juye shi gaba ɗaya a lokaci guda don ya tafi da ƙarfi. Wasu na jiƙa 'yar kanwa su tace su haɗa, ita ma tana taimakawa wajen sakin maiƙo, kuma ba ta da haɗarin soda. Sai dai a tace ta sosai saboda ƙasar da ke cikinta.

Game da maganar sanyi da aka yi a sama, manja yana gama narkewa ne a wajen digiri 35, kitsen sa da na rago sai an haura 40. Ku kwatanta da daren hunturu a nan, da ake sauka ƙasa da 20. Man gyaɗa shi ba ya daskarewa a sanyinmu, amma yana shafe jikin bututu ya zama danƙon da sauran datti ke kamawa. Kuma wannan ba matsalar talaka ko ta ƙasarmu kaɗai ba ce. A shekarar 2017, a unguwar Whitechapel da ke Landan, an tarar da dunƙulen kitse da tarkace a magudanar ƙarƙashin ƙasa mai nauyin tan 130, tsawonsa mita 250. Makonni aka yi ana fasa shi. Daga cokali-cokalin man da kowane gida ke zubarwa ya taru.

Maman Biyu, Nasarawa:
Malama, bokiti guda kike cewa kamar ruwan kyauta ne. Mu da famfo ke yin kwanaki bai zo ba, a hannun 'yan ga-ruwa muke saye. Mace tana lallaɓa jarka ɗaya ta yi girki da wanke-wanke, ina ta ga na zubarwa?

Mai Gyaran Famfo, Tudun Wada:
Wannan magana ce babba, kuma ba a cika faɗinta ba. Sinki an ƙirƙire shi ne don gidan da ruwa ke gudu. Mu nan da moɗa ake tsiyayawa kaɗan-kaɗan, ruwan ba shi da ƙarfin tura komai, duk abin da ya shiga sai ya kwanta. Shi ya sa gidan da ke sayen ruwa ya fi saurin toshewa a kan mai rijiyar burtsatse, ko da girkinsu iri ɗaya ne. Amma ba sai an sayi sabon ruwa ba. Ruwan ɗaurayar kaya na ƙarshe ranar wanki, mai sauran kumfa, a ɗora shi ya yi ɗumi a juye. In dai ba shi da zare da gashi ya wadatar.

Mai Abinci, bakin tasha:
Sallama gare ku. Ni a rana ina wanke tukunya da faranti fiye da abin da gida huɗu za su wanke a mako, bari in faɗi yadda na samu sauƙi. Da can duk wata sai na kira mai gyara. Wani magini ya yi min 'yar camba a bayan shago, daidai inda bututu ya fito daga bango. Tsawonta bai fi kamu ɗaya da rabi ba, an raba ta biyu da ɗan bango a tsakiya wanda bai taɓa ƙasa ba. Ruwa ya shigo ɗakin farko, mai ya taso sama, yashi da shinkafa su nutse, ruwan tsakiya ne kawai ke bi ta ƙarƙashin bangon ya wuce. Bakin bututun fita kuma an karkatar da shi ƙasa ya nutse cikin ruwa, don kada ya ja na sama. Duk ranar Juma'a da yamma yarona ya ɗaga murfi ya kwashe da tsohon ludayi. Shekara biyu ke nan ban kira kowa ba.

Man suya da ya gaji kuma gwangwanin madara nake tara shi. Da shi nake hura itace da safe, kananzir ma na rage saye. In ya yi yawa akwai mata masu sabulu da ke karɓa.

Amarya, Gwadangaji:
Anti wannan cambar ba ta wari?

Mai Abinci, bakin tasha:
In an bar ta wata guda za ta yi. In ana kwashewa duk mako kuma murfin ya zauna daidai, sai lokacin da aka buɗe kawai.

Dillalin Gidaje:
Ni a tsakiya nake, kullum ina shan wannan rigima. Shawarata ga Hajiya mai sauƙi ce. A yanke bututun kowane ɓangare daban, a huda katanga, kowa ruwansa ya fita lungu. Wanda nasa ya toshe shi ya sani. Gidaje da yawa haka suka yi suka huta.

Tsohon Duba-gari, Makerar Gandu:
Alhaji, sun huta, maƙwabta sun shiga uku. Shekara talatin na yi ina yawo lungu-lungu a kan wannan. Ruwan kicin da aka sako waje ba ya tafiya ko'ina in ba lambatu mai gangara. Yana kwanciya gindin katangar wani, ya ci tushen gini, yara su taka da ƙafa su shiga ɗaki, ƙuda ya tashi daga kai ya sauka kan abinci. Da damina kuma ya haɗu da ruwan sama ya gangara inda rijiyoyi suke. Ga sauro. Gaskiya ne sauron zazzaɓi ya fi son ruwa mai ɗan haske, na kwata wani iri ne daban, amma lungun da kullum yake jiƙe ba ya rasa ƙananan kududdufai da kowane iri zai samu wurin ƙwai. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a Najeriya, yara 49 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 da aka gwada an same su da ƙwayar cutar. Jihar da ke da wannan lamba ba ta da hurumin ƙara ruwa kwance a ƙofar gida.

Rabin shawararka dai na yarda da ita. Raba bututun yana da kyau, amma kowanne ya sauka a cambarsa a cikin gida, sannan su haɗu su tafi sokawe. Kuma Hajiya ki duba, in akwai rijiya a gidan, tazararta da sokawe kada ta gaza mita 15, in fili ya ba da dama a kai 30.

Dillalin Gidaje:
Baba na karɓi gyara. Amma kuɗin fa? Mai gida zai ce haya ba ta kai ba, ɗan haya zai ce ba gidan ubansa ba ne.

Ɗan Haya, Gesse:
Ai ba gidan ubansa ba ne ɗin. Ni in na sa kuɗina na canza bututu, shekara ta zagayo a ƙara min haya ko a ba ni takardar tashi, wa ya ci riba? Abin da aka binne a ƙasa na mai gida ne. Mu ba mu ga lokacin da aka sa shi ba, ba a tambaye mu ba.

Maman Biyu, Nasarawa:
Kitsen da ke ciki kuma na wa ne? Hajiya ce ta zo ta soya nama a kicin ɗinku? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Shugaban Zaure:
Jama'a a sassauta. Hajiya shawara ta nema. Malam, muna ganinka kana karantawa, ka ce wani abu.

Malamin Islamiyya, Shiyar Fada:
Bismillah. Abin da malamai suka yi bayani a babin haya shi ne, gidan haya amana ne a hannun wanda ya karɓa. Abin da ya lalace don tsufa ko don aibin gini, ba a bin mai haya. Abin da ya lalace ta sakacinsa ko don ya yi amfani da shi ta hanyar da ba a saba ba, shi zai ɗauka. Inda ba a yi sharaɗi ba kuma, al'adar gari ake komawa. Saboda haka ku biyun da kuke jayayya kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya. Abin da ya rage a san wanne ne ya faru a gidan Hajiya, kuma wannan ba a zaure za a gano shi ba, sai an tona. Shawarata, ranar da za a buɗe a tara masu hayar su huɗu su tsaya a kai. Abin da ido ya gani ba a musu a kansa. Kuma duk abin da aka daidaita a rubuta, kowa ya sa hannu, da shaidu biyu.

Akwai kuma haƙƙin na ɓangaren ƙarshe da ba wanda ya ambata. Ita ce ruwan kowa ke dawowa kicin ɗinta, alhali wataƙila ta fi kowa kiyayewa.

Hajiya Mai Gida, Badariya:
Malam wallahi ka taɓo inda ke min ciwo. Yarinya ce mai jego, ita ce kullum ke kwashe ruwan da roba. Na gode muku duka. Gobe Asabar zan sa a tona, kowa yana nan. Zan dawo in faɗa muku.

Mai Gyaran Famfo, Tudun Wada:
Hajiya ki ce wa mai aikin ya auna gangara kafin ya cire tsohon. Ƙa'ida, duk mita ɗaya bututu ya sauka santimita 2. In tsawon layin mita 10 ne, ƙarshensa ya fi farkonsa ƙasa da kamar taƙi ɗaya. Kuma ya duba ko akwai inda ya yi ciki, wato ya lotsa a tsakiya.

Hajiya Mai Gida, Badariya:
Assalamu alaikum. Na dawo kamar yadda na yi alkawari. An tona jiya tun ƙarfe takwas, mazan gidan uku suna tsaye, na huɗun yana Yawuri wurin aiki matarsa ta wakilce shi. Abin da muka gani, bututun ya lotsa a tsakiya daidai inda motar yashi ta taɓa takawa lokacin da ake ginin katanga. Wurin ya zama kamar kwano, ruwa ba ya taɓa ƙarewa a ciki. Da aka yanka shi kuma, abin da ya fito ba zan iya kwatanta muku ba. Fari-fari da ja, da tauri kamar sabulu, cike da shinkafa da ƙashin kifi da ledar magi, har da murfin kwalba da ƙaramin cokali. Ba wanda ya ce uffan. Wadda ta fi kowa rantsuwa shekaranjiya ita ta fara cewa a yi haƙuri.

Ga yadda muka rabu. Sabon bututu inci huɗu da camba biyu da kuɗin magini, ni zan ɗauka, tunda aibin gini ne, zan cire daga hayar da za ta shigo watan gobe. Kuɗin buɗewa na wannan karon su uku za su raba, mun cire mai jego. 'Yar cambar tare mai irin ta 'yar uwata mai abinci za a yi guda ɗaya a bayan kicin, kwashewa mako-mako bi da bi. Kowane sinki na saya masa 'yar ragar ƙarfe da ake ɗorawa a bakin rami, na kuma ce duk wanda ya cire tasa don ruwa ya fi saurin wucewa, toshewar gaba tasa ce. An rubuta, mai unguwa ya sa hannu.

Ɗan Haya, Gesse:
Hajiya Allah ya ƙara arziki. Da masu gida suna tonawa su duba kamar yadda kika yi, da ba mu yi ta faɗa ba. Ni ma yau na kwance kwalbar ƙasan sinkinmu na ga abin da ke ciki, na kira iyalina na nuna mata, na kuma sayo raga.

Amarya, Gwadangaji:
Yaya ake kwance ta? Ina tsoron in ɓalla wani abu.

Mai Gyaran Famfo, Tudun Wada:
Ba wuya ƙanwata. Ki sa roba a ƙasa, ki riƙe saman da hannu ɗaya, ki murɗa gindin zuwa hagu, da hannu kawai ba da filaya ba. Ki zubar da abin da ke ciki a shara, ki wanke, ki tabbatar zoben robar nan baƙi yana wurinsa kafin ki mayar, in ba haka ba zai riƙa ɗiga. Sau ɗaya a wata ya isa. Kada kuma wani ya ce miki a cire kwalbar gaba ɗaya a sa miƙaƙƙen tiyo. Ruwan da ke zama a cikinta shi ke tare warin sokawe da kyankyasai kada su hau kicin.

Hajiya, saura abu ɗaya. Ki ce wa magini kada ya rufe ramin sai an juye bokiti biyu daga kicin na farko kin tsaya a cambar ƙarshe kin ga ruwan ya iso da gudu. Ya shimfiɗa yashi a ƙarƙashin bututun ya daddale kafin ya ɗora, kuma inda mota ke bi a zuba kankare a sama.

Inna, Argungu:
Ɗiyata, ki ƙara layi ɗaya a takardar taku tun ba a manta ba. Ranar layya ba a wanke tumbi da hanji a sinki, ba a juye ruwan kaskon suya a ciki. A fitar da baho tsakar gida, a haƙa ɗan rami can gefe a zuba a rufe.

Hajiya Mai Gida, Badariya:
To Inna. Takardar tana hannun mai unguwa, da la'asar zan aika yaro ya karɓo a ƙara.